Python: Harshen Kwamfutar Da Aka Ƙago A Hutun Kirsimeti

A cikin watan Disamba na shekarar 1989 ne, lokacin da aka rufe ofisoshi a birnin Amsterdam na ƙasar Holan saboda hutun Kirsimeti, wani ma'aikaci mai suna Mista Guido van Rossum ya zauna a gida da kwamfutarsa yana neman abin da zai ɗebe masa kewa kafin a koma aiki. Shekarunsa 33 a lokacin, yana kuwa aiki ne a cibiyar binciken lissafi da kimiyyar kwamfuta ta ƙasar, wadda ake taƙaita sunanta da CWI. Abin da ya soma rubutawa a wannan hutu shi ne ya zama Python, watau harshen ba kwamfuta umarni wanda a yau da wuya a sami wata babbar jami'a ko ɗakin binciken kimiyya da ba a aiki da shi.

Ita dai kwamfuta, duk da laƙabin na'ura mai ƙwaƙwalwa da aka yi mata, ba ta jin ko wace irin magana sai ta lambobi biyu, sifiri da ɗaya. Da yake ba mai iya zama ya rubuta dubban shafuka na sifiri da ɗaya ba tare da ya ruɗe ba, sai masana suka ƙago harsuna na musamman waɗanda mutum zai rubuta umarninsa da su, daga baya a juya su zuwa abin da na'urar take ganewa. Jerin umarnin da aka rubuta ta haka shi ne manhaja. An fito da harshen Fortran a 1957 domin masu lissafi da injiniyoyi, aka tsara COBOL a 1959 domin bankuna da ofisoshin albashi, sa'an nan harshen C ya biyo baya a farkon shekarun 1970. Shi Python ba a keɓe shi ga sana'a guda ba, na kowane aiki ne. Amma babban abin da ya bambanta shi da waɗancan shi ne wani ciniki da mai shi ya ƙulla tun ranar farko: a sauƙaƙa wa mutum, a ɗora wa na'ura nauyin. Ribar wannan ciniki da kuma bashin da ya bari su ne tarihin harshen baki ɗaya.

Darasin ABC

Kafin wannan hutu, Mista van Rossum ya yi shekaru yana cikin wata ƙungiya a cibiyar ta CWI wadda ta ƙirƙiro wani harshe mai suna ABC, a ƙarƙashin masana irin su Lambert Meertens da Leo Geurts. Nufinsu shi ne su sama wa mutane masu ilimi waɗanda ba ƙwararrun kwamfuta ba ne, kamar malaman makaranta da masu binciken kimiyya, harshen da za su koya cikin 'yan kwanaki. Harshen ya yi kyau ƙwarai a takarda, amma bai karɓu ba. Dalili kuwa shi ne an gina shi a rufe, ba yadda wani daga waje zai ƙara masa abin da ya rasa. Bugu da ƙari, a wancan zamani intanet ba ta yaɗu ba, sai an ɗauki manhaja a kan faifai an kai wa mai so.

Daga nan aka mai da shi wani aikin, na babbar manhajar sarrafa kwamfutoci da ake kira Amoeba. A nan ne ya ga cewa 'yan ƙananan ayyukan yau da kullum na kula da na'urori suna cin kwanaki idan aka rubuta su da C, ga shi kuma sauran kayan aikin da ke hannu ba su isa ba. Sai ya ƙudura zai ɗauki daɗin karatun ABC, ya bar taurin kansa, ya kuma bar ƙofa a buɗe yadda duk mai so zai iya rubuta wani sashe da C ya liƙa wa sabon harshen. Wannan ƙofa, kamar yadda za a gani a gaba, ita ce ta cece shi.

A watan Fabrairu na 1991 ya saki bugun farko ga jama'a kyauta, mai lamba 0.9.0. Game da suna kuwa, da yawa sun ɗauka daga mesa aka samo shi, tun da ma'anar kalmar ke nan da Turanci, kuma tambarin harshen a yau macizai biyu ne, shuɗi da rawaya. To, ba haka ba ne. Mista van Rossum mai sha'awar wani wasan ban dariya ne na gidan talabijin na BBC, Monty Python's Flying Circus, wanda aka yi ta nunawa daga 1969 zuwa 1974, daga nan ya ɗauko sunan. Bugu na 1.0 ya fito a Janairun 1994, a 1995 kuma shi mai harshen ya ƙaura zuwa Amurka, ya ci gaba da aikin a wata cibiyar bincike da ke Reston a jihar Virginia.

Yadda rubutunsa yake

Wanda bai taɓa ganin manhaja ba zai fi gane zancen idan ya dubi wannan ɗan misali na lissafin abin da za a biya ma'aikaci:

albashi = 85000
alawus = 12000
if albashi < 100000:
    alawus = alawus + 5000
print(albashi + alawus)

Kalmomi biyu ne kawai na Turanci a ciki. Ta farko tana nufin "idan", ta biyu tana nufin "buga". Sauran sunayen duk mai rubutu ne ya zaɓa, da harshen da ya ga dama. Ma'anar ita ce idan albashi bai kai naira 100,000 ba a ƙara 5,000 a kan alawus, sa'an nan a buga jimla, wadda a nan za ta zama 102000.

A lura da layi na huɗu, wanda aka ɗan tura ciki. A yawancin harsuna wannan turawa ado ce kawai, alamomi na musamman ne suke nuna inda sharaɗi ya fara da inda ya ƙare. A Python kuwa doka ce, an gaje ta daga ABC. Kamar dai yadda ƙaramin sakin layi yake zama ƙarƙashin babba a takardar gwamnati, haka duk umarnin da ke ƙarƙashin wani sharaɗi tilas a tura shi ciki. Ƙwararru da yawa sun yi ta gunaguni a kan wannan doka da farko. Amma amfaninta a fili yake: abin da ido ya gani shi ne abin da na'ura za ta aikata, kuma manhajar da wani ya rubuta ya bar ofis, wanda ya gaje shi zai iya karantawa.

Suna dabam, kaya dabam

Akwai wani abu da babu shi a misalin nan, kuma rashinsa shi ne zuciyar maganar. Ba inda mai rubutu ya gaya wa na'ura cewa "albashi" lamba ce.

A cikin kwamfuta kowane bayani yana da jinsinsa. Akwai cikakkiyar lamba, akwai lamba mai ɗigo, akwai rubutu, akwai jeri na abubuwa, kuma abin da ya halatta a yi da wani bai halatta da wani ba. Ana raba lamba gida biyu, ba a raba sunan mutum. A harsuna irin su C da Java tilas mai rubutu ya bayyana tun farko cewa wannan suna na lamba ne, wancan na rubutu ne, kuma ba za su sāke ba har ƙarshe. Kamar bauca ce da aka buga da gurabe: gurbin kwanan wata dabam, gurbin kuɗi dabam. Kafin manhajar ta yi aiki ko sau ɗaya, akwai wata manhajar mai fassara da take bin rubutun daga sama har ƙasa, idan ta ga an sa suna a gurbin kuɗi sai ta ƙi wucewa da shi, kamar yadda mai binciken kuɗi yake mai do da bauca kafin ta isa wurin ma'aji.

A Python ba haka abin yake ba. Suna ba gurbi ba ne, takardar shaida ce irin wadda ake ɗaura wa kaya a tashar jirgin ƙasa. Yau a ɗaura ta a buhun gyaɗa, gobe a kwance a ɗaura a akwati, ba wanda zai hana. Jinsin yana jikin kayan ne, ba a jikin takardar ba. Saboda haka "albashi" yana iya zama lamba a layi na farko, ya koma rubutu a layi na goma. Na'ura ba ta tambayar ko mene ne sai a daidai lokacin da aka zo amfani da shi. A sa'an nan ne take duba kayan ta ga ko za su yi aikin da aka nema. Python yana aiki ne kamar tafinta a kotu, wanda yake juya magana yayin da ake faɗinta, ba kamar mai fassarar wasiƙa ba, wanda yake karance ta duka kafin ya miƙa.

Ribar wannan tsari ba kaɗan ba ce. Rubutu yana raguwa, mai koyo yana ganin sakamakon aikinsa nan take, mai bincike kuma yana iya gwada tunani goma kafin azahar ya zubar da tara. Aiki guda da aka rubuta domin tara jerin cikakkun lambobi zai tara masu ɗigo ma ba tare da an sāke shi ba, domin harshen bai damu da asalin kaya ba, muddin za su taru.

To, amma fa ga inda gizo yake saƙar. A ɗauka akawu ya rubuta manhajar da za ta lissafa kuɗin kwana na ma'aikacin da ya yi tafiyar aiki: naira 5,000 sau kwana 3. Idan 5,000 ɗin lamba ce, amsa 15,000. Amma duk abin da aka buga wa Python ta allon rubutu, ko aka karanto daga fayil na rubutu, a matsayin rubutu yake ɗaukarsa sai an umarce shi ya mai da shi lamba. Idan akawun ya manta da wannan mataki, harshen ba zai yi ƙorafi ba, domin a wurinsa ninka rubutu sau uku halal ne, ma'anarsa a maimaita shi sau uku. Amsar da zai bayar ita ce 500050005000, watau naira biliyan 500 da miliyan 50 da dubu 5, a kan tafiyar kwana uku. Da Java ko C aka yi wannan kuskure, da manhajar ba ta ko tashi ba.

Kada a ɗauka harshen ba shi da tsantseni sam. Idan aka ce ya tara rubutun "5000" da lambar 3, tsayawa zai yi cak ya ba da sanarwar kuskure, ba kamar JavaScript ba, wanda zai liƙa su ya ba da 50003 ya wuce abinsa. Matsalar ita ce lokacin da sanarwar take zuwa. Ba ta zuwa sai aiki ya iso kan wannan layi. Idan manhaja mai layi 2,000 tana da kuskure a sashen da ba a shiga sai ranar rufe lissafin shekara, za ta yi wata goma sha ɗaya tana aiki lafiya lau, kowa yana yabo, sai a ranar da aka fi bukatarta ta tsaya. Wannan shi ne bashin. Masu aiki da Python na gaskiya suna biyansa ne ta hanyar rubuta wasu manhajojin na gwaji, waɗanda suke bin kowane lungu na babbar manhajar da misalai kafin a sake ta. Wanda bai yi haka ba, bai kauce wa aikin bincike ba, ɗage shi kawai ya yi zuwa ranar da ba shi ne ya zaɓa ba.

Nauyin da na'ura ta ɗauka

Bashi na biyu shi ne na sauri. Tun da ba a gaya wa na'ura jinsin kaya tun farko ba, duk lokacin da za ta tara abu biyu sai ta tsaya ta duba ko mene ne wannan, ko mene ne wancan, ta nemo irin tarawar da ta dace. Idan tarawar sau miliyan ce, dubawar ma sau miliyan ce. Har ila yau, kowace lamba tana yawo ne da bayanin kanta a goye. Ƙaramar lambar da C yake ajiyewa a bayit 4, a Python na kwamfutocin yau tana cin bayit 28. Shi ya sa lissafi mai maimaituwa da aka rubuta da Python zalla yakan ɗauki ninkin-ba-ninkin lokacin da C zai ɗauka.

Mai karatu zai yi mamaki, yaya harshe mai nawa haka ya zama abin hannun masana kimiyya, waɗanda aikinsu lissafi ne tsagwaro? Amsar tana ga ƙofar nan da aka bari a buɗe. A 1995 Jim Hugunin ya jagoranci rubuta wani sashe mai suna Numeric, wanda a 2006 Travis Oliphant ya haɗa shi da wani ya fito da NumPy. Dabarar ita ce mutum ya ba da umarni da Python cikin layi ɗaya, a ninka wannan jeri mai lamba miliyan da wancan, amma ainihin ninkawar a yi ta a ƙasa da C ko Fortran. Python ya zama kamar shugaban ma'aikata mai rubuta umarni a taƙaice, ƙarfafa suna ɗaukar kaya. A kan wannan tushe Wes McKinney ya soma gina pandas a 2008 domin sarrafa jadawalin alƙaluma. Kamfanin Google ya saki TensorFlow a 2015, na Facebook ya biyo da PyTorch a 2016, waɗanda da su ne ake horar da yawancin manhajojin ƙirƙirarriyar basira. Hoton farko na baƙin ramin sararin samaniya, wanda aka nuna wa duniya a watan Afrilu na 2019, an yi amfani da kayan Python wajen sarrafa bayanansa.

A fagen shafukan intanet kuwa, 'yan jarida suna da abin tinƙaho. Django, tsarin da aka gina Instagram a kansa, an ƙago shi ne a ofishin wata jarida, Lawrence Journal-World ta jihar Kansas, inda masu manhaja biyu suke fama da editoci masu son a gama shafi kafin a rufe bugu. An sake shi ga jama'a a 2005. Irin waɗannan kayan aiki ana tara su ne a wani rumbu na kowa da kowa mai suna PyPI, wanda ya zuwa 2024 yake ɗauke da fiye da 500,000. Da yake kowa yana iya zuba nasa, an sha kama mugayen manhajoji da aka sa wa suna mai kama da na sanannu domin a yaudari wanda ya yi kuskuren harafi ɗaya.

Sauƙin harshen kansa yana da nasa haɗarin, domin yana sa wanda ba ƙwararre ba ya amince da abin da bai bincika ba. A 2019 masu binciken sinadarai a Jami'ar Hawaii suka gano cewa wata 'yar manhajar Python da aka wallafa a 2014, wadda masana da dama suka yi aiki da ita, tana ba da amsa dabam-dabam gwargwadon irin kwamfutar da aka sa ta. Dalilin bai taka kara ya karya ba: marubutan sun ɗauka na'ura za ta jero fayiloli bi da bi kullum, alhali harshen bai taɓa yin wannan alkawari ba.

Rabuwar shekara goma sha ɗaya

Bugu na 2.0 ya fito ran 16 ga Oktoba, 2000, a shekarar da ta biyo kuma aka kafa gidauniya mai zaman kanta, wadda ba ta neman riba, domin ta riƙe haƙƙin mallakar harshen. Sai dai akwai kurakuran tushe da Mista van Rossum ya ga ba za su gyaru ba sai an karya wasu tsofaffin manhajoji. Ran 3 ga Disamba, 2008, aka saki Python 3.0, wanda da gangan bai dace da na 2 ba.

Wasu sauye-sauyen ƙanana ne a ido. A tsohon bugu, idan aka raba 5 gida 2 amsa 2 ce, a zubar da saura, a sabon kuwa 2.5 ce. Amma babban sauyin ya shafi rubutu, kuma ya shafi duk mai rubuta Hausa kai tsaye. Tsohon bugun ya ɗauki kowane harafi a matsayin bayit guda, abin da ya ishi baƙaƙen Turanci. Haruffa masu lanƙwasa irin su ƙ da ɗ da ɓ kuwa bayit biyu-biyu suke ci a tsarin da aka fi amfani da shi. Don haka idan aka tambayi Python 2 yawan haruffan kalmar "ƙasa", sai ya ce 5, idan kuma aka ce ya yanko harafin farko, sai ya yanko rabin ƙ, abin da ba ya karantuwa. Akwai hanyar kauce wa wannan, amma sai wanda ya sani. Python 3 ya mai da tsarin Unicode, mai ɗauke da haruffan harsunan duniya, ya zama shi ne asali. A yau amsar 4 ce, "ƙasa" tana komawa "ƘASA" daidai idan aka nemi manyan baƙaƙe, har ma mai rubutu yana iya sa wa abu suna "kuɗi" a cikin manhajarsa. Haka abin yake ga Larabci da ajami.

Gyaran daidai ne, amma an raina wahalarsa. Kamfanoni masu miliyoyin layuka sun ƙi motsi domin kayan aikin da suka dogara da su ba su ƙaura ba, masu kayan aikin kuma suna jiran kamfanoni. A nan ma rashin bayyana jinsi ya ƙara dagula al'amari, domin ba yadda na'ura za ta duba tsohuwar manhaja ta tabbatar ko wannan suna rubutu yake ɗauke da shi ko ɗanyen bayit, sai mutum ya bi da ido. An sa 2015 a matsayin shekarar da za a daina kula da Python 2, tilas aka ɗage. Instagram bai kammala ƙaura ba sai 2017. Sai ran 1 ga Janairu, 2020, aka rufe babin tsohon bugun, shekara goma sha ɗaya bayan fitowar magajinsa.

Komawa ga bauca

Ana cikin wannan ne wani abin ban sha'awa ya faru. Mista van Rossum, bayan ya yi aiki a Google daga 2005 zuwa 2012, ya koma kamfanin Dropbox a 2013, inda ya tarar da manhaja mai miliyoyin layuka na Python da ɗaruruwan injiniyoyi suna fama da ita. A irin wannan girma, 'yancin da yake faranta wa mutum ɗaya rai ya zama azaba ga jama'a: sabon ma'aikaci zai ga suna a layi, ya rasa ko me aka ɗaura masa, sai ya bi sawu ta fayiloli da yawa. Tare da wani masani ɗan ƙasar Finland, Jukka Lehtosalo, wanda ya ƙago manhajar bincike mai suna mypy, sai mai harshen da kansa ya goyi bayan a dawo da bayyana jinsi. An shigar da shi a bugu na 3.5 a watan Satumba na 2015.

Sai dai ba dole ba ne. Mai so ya rubuta cewa "albashi" lamba ce, wanda ba ya so ya bari. Shi Python ko kallon bayanin ba ya yi lokacin aiki, manhajar bincike ce ta dabam take karantawa ta yi gargaɗi. A 2019 Dropbox ya ba da sanarwar cewa ya bi layi kusan miliyan 4 da wannan bincike. Wasu sun ce wannan amsa laifi ne, cewa masu C da Java ne suke da gaskiya tun asali. Zancen da ya fi kusa da adalci shi ne kowanne da muhallinsa: ɗalibi mai layi 50 ba ya bukatar bauca, ma'aikatar da za ta riƙe manhaja shekara ashirin kuwa tana bukata.

Shi kansa mulkin harshen ya sāke. Tun shekarun 1990 abokan aikinsa suke kiran Mista van Rossum, cikin raha, mai mulkin kama-karya na alheri har iyakar rai, domin duk shawarar gyara, bayan an rubuta ta a takarda mai lamba an yi muhawara, shi ne mai yanke hukunci. A 2018 aka yi zazzafar jayayya a kan shawara mai lamba 572, wadda ta shafi wata 'yar alama guda. Ya amince da ita, amma zafin sukar da ya sha ya sa ran 12 ga Yuli na shekarar ya sauka daga kujerar, bai kuwa naɗa magaji ba. A farkon 2019 masu kula da harshen suka zaɓi majalisa mai mutum biyar, wadda ake sabunta zaɓenta a kai a kai. Shi kuma ya yi ritaya a 2019, ya fasa a 2020 ya shiga Microsoft, inda ya sa hannu a aikin ƙara wa harshen sauri. Bugu na 3.11 da ya fito a Oktoban 2022, bisa ga awon masu shi, ya fi wanda ya gabace shi sauri da kimanin kashi 25 cikin 100.

Ga ɗalibi da ma'aikaci

Harshen kyauta ne, ba lasisin da za a biya, yana kuma aiki a kan tsohuwar kwamfuta ba tare da intanet ba da zarar an saukar da shi. Sabon bugu yana fitowa kowane watan Oktoba. Tun 2023 Microsoft ya fara shigar da shi cikin Excel, saboda haka ma'aikacin da ya saba da jadawali zai iya cin karo da shi ko bai nema ba. Aikin da ya fi yi wa ofis amfani ba mai ban mamaki ba ne: haɗa rahotannin wata-wata na rassa talatin su zama ɗaya, ko zaƙulo sunan da ya fito sau biyu a takardar albashi.

Mai shirin yin haka ya kiyaye abu biyu. Na farko, idan aka ce Python ya tara 0.1 da 0.2, amsar da yake bayarwa ita ce 0.30000000000000004. Wannan ba laifinsa ba ne shi kaɗai, haka yawancin harsuna suke, domin lissafin sifiri da ɗaya ba ya iya riƙe kashi ɗaya cikin goma daidai-wa-daida. Mai lissafin naira da kwabo sai ya yi aiki da sashen decimal da ke cikin harshen, ko ya mai da komai kwabo ya lissafa da cikakkun lambobi.

Na biyu ya shafi jera sunaye. Python 3 ya san ƙ da ɗ haruffa ne, amma idan aka ce ya jera, yana bin lambar da Unicode ya ba kowane harafi ne, lambobin masu lanƙwasa kuwa suna bayan na baƙaƙen Turanci duka. Saboda haka a jerin ma'aikata, Ɗanladi ba zai biyo bayan Dauda ba, Ƙasimu ma ba zai zo kusa da Kabiru ba. Dukansu biyu za su faɗo can ƙasan takarda, bayan Zubairu, sai fa idan mai manhajar ya zauna ya rubuta wa na'urar jerin baƙaƙen Hausa da hannunsa.